Hotuna Uku da Suka Tsira Daga Ruwan Sama

Duk wanda ya san layin masu gyaran waya a Jimeta ya san shagon Malam Bukar, ba don girmansa ba, sai don kwanon setilayit ɗin da ke kansa, wanda ya kusa fin shagon faɗi. Sana'arsa ta fili ita ce ɗaukar bidiyon biki da suna, da juye tsofaffin kaset zuwa cikin waya. Amma mutanen Borno da gudun hijira ya zubo a Yola sun san shi da wani aiki daban.

Shi mutumin Banki ne, can bakin iyaka, gaba da Bama. A daminar 2014, ranar da 'yan bindiga suka shiga garin, yana wani ƙauye yana ɗaukar bikin saukar karatu. Matarsa Rumasa'u tana gida, watansu bakwai da aure. Ya kama hanyar komawa a ƙafa, waɗanda suka fito da gudu suka tare shi, suka ce babu abin da zai tarar sai ajalinsa. Da ƙarfi suka ja shi zuwa cikin Kamaru. Bayan shekara guda aka kwaso su a manyan motoci aka sauke a Adamawa, da kyamararsa a wuya da riga biyu a leda. Shi da ya ɗauki fuskokin amare fiye da ɗari, ko hoto ɗaya na matarsa bai fito da shi ba.

Ya sami ɗaki a unguwar Adarawo, cikin Yola, a gidan wata dattijuwa, Adda Khadijah, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka watse wajen aiki. Kullum da safe yakan hau keke Napep ya haye Jimeta, da yamma ya dawo. A shekarun farko babu sansanin da bai leƙa ba, babu ofishin neman waɗanda suka ɓace da bai rubuta sunanta ba. Ko'ina amsa ɗaya ce: ya bar lambar waya, in an ji wani abu za a kira shi.

Wata rana yana cin abinci a wani shago, sai aka nuna a labarai wasu mata da aka fito da su daga daji, suna zaune a ƙasa a jere. Kafin ya miƙe ya matsa kusa da talabijin ɗin, an riga an wuce zuwa labarin ƙwallo. Ya tsaya da loma a hannu. Akwai wata a layin baya da ta karkata kai irin yadda Rumasa'u take yi, amma ba shi da hanyar sake kallo. Kwana uku abin yana cinsa.

Maƙwabcin shagonsa ne ya ba shi mafita. Sunansa Albert, ɗan Michika, tsohon injiniyan gidan talabijin da ya yi ritaya ya koma gyaran rediyo. Shi ma an ƙone masa gida a rikicin, sai dai iyalinsa sun fita duka. Ya saurari Bukar har ya gama, sannan ya buɗe durowa ya ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana biyu ba.

"Wannan za mu haɗa tsakanin kwano da kwamfutarka," in ji shi. "Sai mu sa manhajar da za ta riƙa karɓar abin da ya sauko tana ajiyewa. Ba za ka sake cewa ya wuce ba."

Yini guda suka yi suna juya kwanon a kan rufi, Albert a ƙasa yana kallon wani layi kore a fuskar kwamfuta yana ihu, "Hagu kaɗan! Ya yi yawa, dawo!" Da layin ya cika, sai sunayen tashoshi suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya. Albert ya ja kujera ya zauna yana share gumi.

"Malam Bukar, bari in gaya maka halin wannan abu tun yanzu, kada ka zo kana zagina. Talabijin ta yau ba irin ta zamaninmu ba ce. A da in sigina ta yi rauni, hoto zai yi yashi-yashi, amma kana gane mutum. Yanzu kuwa a ƙulle hoton yake zuwa, ƙulli-ƙulli kamar na mai sayar da yaji, dubbai a daƙiƙa ɗaya, kowane da lambarsa. Manhajar nan tana bakin ƙofa ne tana karɓa tana jerawa. Ƙullin da ya faɗi a hanya ya faɗi ke nan, ba mai komawa ya tsinto shi."

"To me ke sa ya faɗi?"

"Hadari. Iska in ta girgiza kwano. Wani lokaci tsuntsu ma. Shi ya sa zan saita maka ita ta ajiye komai yadda ya sauko, ɗanyensa, ba tare da ta tace ba. Zai ci wuri, amma wata rana za ka gode mini."

Daga ranar Bukar ya shiga wata irin rayuwa. Ya san lokacin labaran kowace tasha, na Hausa da na Turanci da na Kanuri. Manhajar takan kunna kanta ta ɗauka ko yana wajen biki, in ya dawo sai ya zauna ya bi a hankali. Duk inda aka nuna waɗanda aka ceto ko waɗanda suka fito da kansu, sai ya tsayar da hoto, ya ƙara masa girma, ya bi fuska ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Yakan fara daga layin baya, domin Rumasa'u ba mai son shiga gaba ba ce.

Labari ya bazu. Mata da maza suka riƙa zuwa daga Makama da Damare da bakin Njuwa, wasu da kwandon alayyafo a kai, su ajiye a ƙofa su ce, "Malam, an ce jiya an nuna mutanen Gwoza." Sai ya ba su benci ya kunna musu. A cikin shekara tara, mutum huɗu sun ga nasu a wannan kwamfuta. Akwai wani tsoho da ya ga ɗansa, ya kama gilashin da hannu biyu yana kiran sunansa, har sai da Albert ya shigo ya riƙe shi. Duk ranar da irin haka ta faru Bukar yakan yi murna da gaske, ya raka su har bakin titi. Idan ya dawo ya zauna kuma, sai ya ji shagon ya yi masa faɗi.

Adda Khadijah ta sha yi masa magana. Da irin Hausarta ta mutanen Yola take cewa, "Bukar, matarka in yana da rai Allah zai kawo shi. Amma kai ma mutum ne. Ga gemunka ya fara fari. Ka bari in nema maka wata."

"Adda, a ƙara mini lokaci kaɗan."

"Bara ma haka ka ce."

Sai ya yi murmushi ya ɗauki kwanon abincinsa. Ba ya iya gaya mata cewa abin da ke tsorata shi ba rashin ganin Rumasa'u ba ne. Fuskarta ce ta fara ɓace masa. Yana tuna muryarta sarai, da yadda take kiransa Ya Bukar tana jan ƙarshen sunan, da ƙamshin turaren wuta da take sa wa kayansa kafin ya fita aiki. Amma in ya rufe ido don ya ga hancinta da bakinta, sai fuskokin dubban matan da ya kalla su taso su rufe ta.

A watan Agusta na bara, wata Litinin da la'asar, hadari ya taso daga wajen kogi. Bukar yana ɗaukar bikin suna a Makama, ruwa ya tsare shi a can. Kafin ya iso shago an gama wani shiri na wata tashar Arewa da ya sa manhajar ta ɗaukar masa, shiri kan mutanen da suka fito daga daji a wannan damina. Ya danna fayil ɗin, ya ƙi buɗewa. Ya sake dannawa, sai ga hoto ya fito a farfashe, murabba'i-murabba'i, kore da ruwan hoda, kan mutum a nan, kafaɗarsa a can. Sauti yana zuwa yana yankewa. Har ya kai hannu zai share, sai wata murya ta fito daga cikin ƙarar, muryar mace tana magana da Kanuri, kalma biyar ko shida, ta ambaci Banki, ta ambaci layin masu ɗinki. Sai sautin ya mutu.

Layin masu ɗinki shi ne layin gidansu.

Bai san lokacin da ya isa shagon Albert ba. "Injiniya, taso. Don Allah taso yanzu."

Albert ya zo ya saurara sau uku. Ya cire tabarau ya goge.

"Muryar matarka ce?"

"A'a. Ba ita ba ce. Amma na san muryar nan. Wallahi na san ta."

"To zauna, ka daina rawar jiki. Ka tuna na ce ta ajiye ɗanyensa? Yau ranarsa ta zo." Ya ja kwamfutar gabansa. "Ba kowane hoto ake aikowa cikakke ba. Sukan aiko cikakke guda ɗaya, sannan na bayansa su zo da abin da ya canza kawai, wannan ya ɗaga hannu, wancan ya juya kai. In cikakken ya lalace, duk na bayansa sun zama shirme. Amma in akwai cikakken da ya ratso ruwan nan lafiya, yana nan a ciki. Za mu bi mu tsince shi."

Kwana biyu suka yi a kan aikin, Albert ya rufe shagonsa. Manhajar ta nuna musu jerin lambobin ƙullin da suka iso da gurbin waɗanda ba su iso ba, gurabe sun fi yawa. Suka riƙa tafiya taki ɗaya-ɗaya a daidai wurin da muryar ta fito. A ƙarshe suka sami hotuna uku da ba su fashe ba. Na farko ƙafafu ne da bokitin roba. Na biyu bayan wani ma'aikaci. Na uku wata mace ce ta juya gefe, ta rame har ƙashin kuncinta ya fito, da tabon ƙuna a gefen wuya.

Bukar ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a hankali, "Azumi ce."

Azumi tela ce, katanga ɗaya ta raba gidansu. Ita ta ɗinka wa Rumasa'u kayan aure, kuma a ɗakinta Rumasa'u take yini in ya tafi aiki. Tabon wuyan nan tun tana yarinya ta same shi, fitila ce ta faɗo mata. Duk inda aka kai Azumi a ranar harin, da wuya a ce ba tare da Rumasa'u ba.

Sai dai rubutun ƙasan hoton, wanda zai faɗi inda aka yi ɗaukar, ya tafi da ruwa. Bukar ya dafe kai. Albert kuwa ya ci gaba da latse-latse.

"Tsaya tukuna. Ba hoto da murya kaɗai ke saukowa ba. Tashoshin nan suna cusa jadawalin shirye-shiryensu a ciki, shi ma ƙulli ne." Ya buɗe wani shafi, ya bi da yatsa. "Ga shi. Za su maimaita ranar Asabar, ƙarfe huɗu."

Daga Laraba zuwa Asabar Bukar bai yi aikin kirki ba. Ya mayar da wani biki ga abokin sana'arsa. Ya hau rufi ya ƙara ɗaure kwanon da waya, ya sauya igiyar da ta fara tsagewa, ya ari batirin mota don kada a ɗauke wuta a tsakiya. Kowace sa'a sai ya fito ya duba sama. Ranar Asabar da azahar gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, baƙi ƙirin. Adda Khadijah da kanta ta hau Napep ta zo Jimeta, abin da ta yi shekara ba ta yi ba, ta zauna a benci da carbi. Albert ya tsaya a bakin ƙofa, ido ɗaya a sama, ɗaya a kan layin nan kore.

Ƙarfe huɗu shirin ya fara. Iska ta taso, kwanon rufi ya fara ƙara, layin ya sauka ya sake hawa. Minti goma sha biyu da farawa sai ga Azumi, sarai, tana magana, an rubuta a ƙasa cewa a wani sansani ne a Bama. Daƙiƙa goma sha ɗaya aka ba ta. Bukar bai duba ta ba ma sosai, bayanta yake bi, layi-layi, mace bayan mace. Babu Rumasa'u. Minti biyar bayan haka ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, hoto ya daskare.

"Ya shiga?" in ji Adda.

"Ya shiga duka," in ji Albert. "Ko ƙulli ɗaya bai faɗi ba."

Washegari Bukar ya kama hanya. Kwana biyu ya yi, ta Gombe zuwa Maiduguri, daga can ya bi ayarin motoci zuwa Bama. Rabonsa da wannan ƙasa shekara goma. Ya riƙa kallon gefen hanya yana neman garuruwan da ya sani, wasu ya gane su da bishiya kawai. A ƙofar sansanin ya nuna hoton Azumi da ya buga a takarda, aka sa shi ya jira a ƙarƙashin wata rumfa. Can sai ga ta tana tafe a hankali, tana kare rana da hannu.

Ta tsaya nesa kaɗan ta dube shi. "Bukar mai hoto?"

"Ni ne, Ya Azumi."

Sai ta zauna a ƙasa inda take, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya tsuguna ya jira. Tun daga yadda kafaɗunta ke motsi ya san amsar tambayar da ya zo da ita, amma ya bari har ta nutsu.

"Ta rasu," in ji Azumi. "Shekara bakwai ke nan. A hannuna ta cika. Ba harbinta aka yi ba, zazzaɓi ne. An yi mata wanka, an yi mata salla, an binne ta kamar kowa. Wannan kam ka kwantar da ranka."

Ya yi salati. Ya ji wani abu da ya daɗe a tsaye cikin ƙirjinsa ya zauna. Hawaye bai zo ba a lokacin.

"Ba ka tambaye ni yarinyar ba," in ji ta.

"Wace yarinya?"

Azumi ta buɗe fuska ta dube shi da kyau. "Ashe ba ta gaya maka ba. Ta ce mini sai ka dawo daga saukar nan za ta faɗa maka. Cikin wata biyu ne da ita a lokacin."

Ta ba shi labari tiryan-tiryan. An tafi da su wani ƙauye a cikin daji, a can Rumasa'u ta haihu, mace, ta sa mata suna Yusrah. Da yarinyar ta shekara biyu suka gudu su biyu a cikin damina, kwana huɗu suna tafiya, Rumasa'u da zazzaɓi a jiki da goyo a baya. Suka faɗa wata ruga a tsallaken iyaka, wajen Mora. Mai rugar, wani Bafulatani da ake kira Bawa, ya karɓe su. Kwana shida Rumasa'u ta yi a ɗakin matarsa ta cika, matar ce kuma ta yi mata wanka. Ita kuwa Azumi ta baro 'ya'yanta biyu a daji, zuciyarta ta kasa, ta bar Yusrah a hannun matar Bawa ta koma ɗauko su. Aka kama ta. Sai a wannan daminar ta samu fitowa, da ɗa guda.

"Tana da wushiryar uwarta?" Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan, shi kansa bai san dalili ba.

"Haƙoranta ba su gama fitowa ba lokacin da na bar ta. Amma goshinka ne da ita."

Ya kwana biyu a Bama, ya saya wa Azumi keken ɗinki na hannu a kasuwa, ya dawo Yola. A mota ne kukan ya zo masa, tsakanin Biu da Gombe, har wani fasinja ya miƙo masa ruwa bai tambaye shi komai ba.

Adda Khadijah ta yi masa ta'aziyya, ta tara maƙwabta aka yi addu'a a tsakar gida. Da mutane suka watse ta sa shi ya maimaita mata sunan mai rugar da wurin.

"Bawa, wajen Mora," ta ce. "Bawa yana da yawa. Amma Bawa da baƙuwa ya mutu a gidansa ya bar yarinya, wannan guda ɗaya ne. Ka bar kwamfutarka ya huta. Wannan aikin namu ne."

Ta aika wa ɗan ƙaninta da ke cinikin shanu a Ngurore. Shi ya gaya wa dillalan Mubi, su kuma suka gaya wa masu shigowa da shanu daga Kamaru. Magana ta riƙa tafiya daga kasuwa zuwa kasuwa, ta dawo babu komai, ta sake tafiya. An samo wani Bawa, ya zamana ba shi ba ne. An samo wani, ya rasu tun tuni. Bukar ya ci gaba da buɗe shago, manhajar tana ɗaukar labarai don masu zuwa dubawa, amma shi ya daina zama a gabanta. Sai ya sami kansa yana tsayawa a bakin titi lokacin tashin 'yan makaranta, yana kallon 'yan mata masu shekara tara da goma, yana auna ko nan ta kai, ko ta fi haka.

Wata huɗu aka yi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanin Adda ya shigo gida da lambar waya a rubuce a bayan takardar magani. Rikici ya kori Bawa daga Mora tun shekaru biyar da suka wuce, ya gangaro kudu da shanunsa, yanzu yana wani ƙauye gaba da Garwa, can cikin Kamaru. Yarinyar tana nan.

Suka zauna a kan tabarma a inuwar ɗakin Adda. Aka kira sau uku kafin ta shiga. Muryar dattijo ta fito, ba ya jin Hausa sai kaɗan, don haka Adda ta karɓi wayar. Suka yi gaisuwa da Fulatanci mai tsawo, ta gida da ta shanu da ta damina, Bukar yana zaune yana murza yatsunsa. Shekara tara yana Yola bai koyi harshen ba sai gaisuwa, domin kullum gani yake gobe zai koma gida.

Adda ta saurara ta daɗe, sannan ta sauke wayar kaɗan. "Ya ce sun yi ta neman dangin yarinyar har suka gaji. Ya ce ba su ɓoye mata ba, ta san uwarta baƙuwa ce daga Najeriya, ta san kabarinta. Ya ce ka zo, ƙofa a buɗe yake. Amma yana roƙonka abu ɗaya."

"Mene ne?"

"Kada ka zo da niyyar ɗaukarta ranar. Matarsa ba ta da wata 'ya mace. Ya ce ka zo ka kwana biyu, ka koma, ka sake zuwa, har yarinyar ya saba da kai. Sannan a zauna a yi magana."

Bukar ya sunkuyar da kai. Ya so ya ce 'yarsa ce, ya so ya ce shekara goma yana jira. Sai ya tuna wace ce ta yi wa Rumasa'u wanka.

"Ki ce masa na yarda. Ki ce masa Allah ya saka."

A wayar ana jin kukan maraƙi da muryar mace tana kira daga nesa. Sai wata ƙaramar murya ta ce, "Salamu alaikum."

Bukar ya karɓi wayar da hannu biyu. "Wa alaikumus salam. Yusrah?" Ya yi mata magana da Kanuri, bai ji amsa ba. Ya juya Hausa, shiru. Sai numfashinta kawai yake ji. Ya tattaro ɗan Fulatancin da ya sani ya ce, "Jam na?"

"Jam," ta ce. Sai ta yi wata 'yar dariya, wataƙila saboda yadda ya faɗa, ta ƙara da wata magana mai tsawo da sauri.

Ya miƙa wa Adda wayar, idonsa a kan bakinta. Adda ta saurara, ta yi dariya, ta goge ido da gefen zane.

"Tana tambaya, kai dogo ne ko gajere. Wai don in ta ga baƙo a hanyar rijiya ta san ko kai ne."

"Ki ce dogo ne. Siriri. Ki ce zan sa farar hula."

Adda ta faɗa. Yarinyar ta sake cewa wani abu, amma kafin ta ƙarasa layin ya yanke. Suka yi ta kira, bai sake shiga ba a ranar.

An sa tafiyar ranar Laraba, Adda za ta raka shi don ta yi musu tafinta. Ranar Talata da hantsi ya shiga babbar kasuwar Jimeta, ya sayi goro da sukari da ganyen shayi na Bawa, da turmin atamfa na matarsa. Sannan ya tsaya a rumfar wata mai sayar da kayan yara, ya nuna wata doguwar riga mai ruwan bula.

"Shekararta nawa?" in ji mai rumfar.

"Tara. Ta kusa goma."

"Yara ba ɗaya ba ne, Malam. Tsawonta fa? Nuna mini."

Bukar ya ɗaga hannu daidai ƙirjinsa. Ya sauke shi zuwa cikinsa. Ya sake ɗagawa kaɗan, ya tsaya a haka, hannu a iska, matar tana jira.

"Bar rigar," ya ce daga baya. "Yanko mini yadi huɗu daga wancan yadin. In na gan ta a ɗinka."